Minti Uku a Wayar Falon Alhaji

Abu na farko da Ingila ta yi mini shi ne ta raba ni da wuƙar tiyata. Takardar da na riƙo daga Kano cewa ta yi zan samu horon shekara biyu a wani babban asibiti da ke arewacin ƙasar. Da na isa ofishinsu, wata mata mai tabarau ta duba takardar sama da ƙasa, ta ce gurbin tiyata ya cika, amma akwai wuri a reshensu na bayan gari, in fara da can kafin a gani. Na hau bas muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare. Reshen wani tsohon gini ne na jan bulo, babu ɗakin tiyata a cikinsa ko ɗaya, tsofaffi ne kawai a kwance layi-layi. A can na tarar da wani likita ɗan Sudan mai irin takardata sak. Na tambaye shi yaushe ake ganin. Ya yi dariya ya ce shi shekararsa ta uku ke nan yana jira.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni dama ba a san ni da haƙuri ba. A Kano na yi shekara uku a asibitin gwamnati, ni ne mai fiɗa, ni ne mai karɓar haihuwa in ta zo da gardama, ni ne mai ɗorin karaya. Ga shi an haye teku da ni don in riƙa rubuta wa tsofaffi maganin kumburin ciki. Amma gwamnati ce ta turo ni, a shekarun nan da kuɗin mai ke malala ana tura yara karatu ko'ina, kuma ba ni da fuskar komawa gida hannu rabbana. Na haɗiye.

Akwai wani abu kuma da na baro a gida wanda ya fi wannan nauyi, sai na faɗe shi labarin zai tafi daidai.

A bayan wani gida na Nassarawa GRA aka haife ni, a ɗakunan ma'aikata. Mahaifina, Malam Idi, direba ne. Wani Bature ya fara tuƙawa, da Baturen ya tafi wani Alhaji ya gaji gidan da bishiyoyin mangwaron da Baba gaba ɗaya. Tun ranar da na gama karatu Baba ya daina kiran sunana, sai dai Likita, rabi alfahari rabi tsokana. Saura mako uku in tashi ya ce mini wandunansa sun yi masa yawa, kuma cikinsa na yi masa nauyi ta dama. Na kwantar da shi a tabarma bayan gareji na ɗora hannu. Hantar ta sauko, ta yi tauri, ga ƙulli-ƙulli kamar an zuba tsakuwa a buhu. Tun kafin a ɗauki hoto na san ciwon daji ne, na kuma san ya wuce wuƙa.

Na yi abin da aka koya mini, abin da kowane likita a Kano zai yi. Na ja Yaya Habu, babban wanmu, gindin mangwaro na gaya masa. Shi kuwa Baba na ce masa gyambon ciki ne, na ba shi farin magani a kwalba. A wurinmu ba a duban mutum a ce masa zai mutu. Sanin gaibu sai Allah, kuma karyewar zuciya ta fi ciwon saurin kisa, haka muke cewa. Babban gida ake gaya wa, shi ya ɗauki kayan. Na so in fasa tafiyar, Yaya ya ce in na fasa ai na tona asiri da kaina. Na yarda da shi da sauri, saurin da har yau yake ba ni kunya.

A shekarar nan kowa Makka yake tafiya. Kukun gidan ya je ya dawo da haƙorin azurfa, mai gadin maƙwabta ma ya je. Alhaji ya yi wa Baba tayin kujera, Baba ya ce a'a, zai jira Likita ya dawo su tafi tare, ya shiga turmutsutsun nan da likitansa a gefe. A gabana ya faɗa. Na yi dariya na ce to. Ranar tafiyata shi ya kai ni filin jirgi, bai ma kashe motar ba don Hajiya, matar Alhaji, na jiransa a kasuwa. Ya ɗago hannu ta taga ya ce, "Sai ka dawo, Likita," ya ja mota.

To, mu koma gidan tsofaffi.

Makon farko aka miƙo mini wata takarda, aka ce dole in shiga wata ƙungiya mai kare likitoci in mara lafiya ya kai su kotu. Sai da na sa aka maimaita. Mara lafiya ya kai likita kotu! Mu da in mutum ya rasu a hannunka danginsa ke zuwa su yi maka godiya, su ce ka yi iya ƙoƙarinka, kwana ne ya ƙare. A nan kuwa ko allurar kirki ba za ka yi ba sai mai jikin ya sa hannu a takarda. Wata tsohuwa mai shekara tamanin ta taɓa tsayar da ni ta ce in faɗa mata sunan ƙwayar da nake ba ta da abin da take yi a jiki. Na tsaya ina kallonta kamar an mare ni.

Ranar Laraba ake kai mu babban asibitin mu ga aiki. Gani ya kori ji. Na ga na'urar da ke yi wa mutum numfashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka alhali shi ba ya nan. Na ga wadda ake gogawa a ciki ta nuna hanta a allo ba tare da an tsaga fata ba, abin da na yi shekaru ina horar da yatsuna a kansa. Likitoci shida za su kewaye gado, dukansu idonsu na kan takardar da injin ya tofo, babu mai taɓa mara lafiyar. Kowa da gaɓarsa, wannan na ƙoda, wancan na zuciya, in ka tambayi na ƙoda maganar zuciya sai ya ce ba layinsa ba ne. Na koma masauki ina duban hannayena, ina tunanin ko sun kusa zama kayan tarihi.

Abin da ya fi girgiza ni dai shi ne ƙarƙashin gadaje. A asibitinmu kowane gado da mai jinyarsa a ƙasa, da tabarma da kwanon sha da buta, har korar su muke yi. A nan ƙarƙashin gado fes, sai silifa. Lahadi da yamma, lokacin ziyara, tsofaffin nan za su sa a taje musu kai, su zuba wa ƙofa ido har a buga ƙararrawa. Wasu babu mai zuwa. Na ce a raina, mutanen da suka kasa jinyar iyayensu ba su ne za su koya mini tausayi ba.

Azumi ya same ni a can. Ban gaya wa kowa ba, amma babbar nas ɗin ɗakin, Sista Joyis, wata ƙatuwar mata 'yar Jamaika mai muryar tsawa, ta lura ba na zuwa cin abincin rana. Daga ranar kullum in rana ta faɗi sai in tarar da faranti a rufe a kan hita, da ɗan kwalbar yajin da ta haɗo daga gidanta. Ranar farko da yajin nan ya taɓa harshena sai da hawaye ya zubo mini, kuma ba zafinsa ba ne kaɗai. Ba ta taɓa yin maganar ba, in na yi godiya sai ta ce in kauce mata daga hanya.

Babban likitan da na tarar, Dakta Barlo, tsoho ne mai tafiya a hankali, kuma aikinsa irin na gida ne. Zai dafa kafaɗar mara lafiya ya ce ɗan kumburi ne, sannan ya ja dangi gefe. Na ji daɗinsa. Amma wata ɗaya da zuwana ya yi ritaya, aka kawo Dakta Helen, wadda ba ta fi ni da shekara goma ba. Ranar da ta kama aiki ta tara mu ta ce daga yau duk mara lafiyar da ke cikin hankalinsa, in ya tambaya, a gaya masa gaskiyar ciwonsa, kuma kada a gaya wa danginsa komai sai da izininsa. Tsofaffin nas-nas suka dubi juna, don ko a can ɗin sabon abu ne. Ni kuwa na ce a zuci wannan ba ta da imani, za ta yi ta gaji.

A makon ne aka kwantar da Tom don a yi masa gwaje-gwaje, saboda ramar da yake yi. Tsohon direban bas ne, shekara talatin da wani abu yana tuƙi. Hannayensa na fara gani, irin na Baba ne, da kanta a gindin yatsu. Da ya ji ubana direba ne sai ya riƙe ni da hira. Na ba shi labarin yadda ƙasarmu ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama rana ɗaya, da yadda Baba ya yi mako guda yana salati a kowane shataletale. Tom ya yi dariya har da tari. Shi ma ya nuna mini hoton 'yarsa da ke Ostireliya da jikoki biyu da bai taɓa ɗauka ba. Ya ce baɗi da bazara zai je, ya riga ya sayi akwati.

Sakamakon ya fito ranar da Dakta Helen ta tafi wani taro na mako guda. Ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Ban yi shawara da kowa ba, don a ganina babu abin shawara. Na jira ɗansa Piter ya zo ziyara, na ja shi baranda na gaya masa, na ce ya riƙe a cikinsa, ya kula da tsohon, kada ya karya masa zuciya. Yaron ya yi kuka ya ce to, likita ya fi shi sani. Da na koma Tom ya dube ni ya ce, "To, Dakta, me kuka gani?"

Na ce, "Ɗan kumburi ne. Ka je gida ka ci abinci da kyau."

Na rubuta a fayil cewa an sanar da iyali, na sallame shi. Wallahi ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi wa mutumin kirki alheri a bayan idon mai ƙa'ida.

Bayan mako bakwai aka dawo da shi a motar asibiti. Ya yi rawaya har cikin ido, ba ya iya tsayuwa. Dakta Helen ta karanta fayil, ta ja kujera ta zauna daf da shi, ta riƙe hannunsa ta gaya masa komai a hankali, ina tsaye a ƙarshen gado. Na zaci zai rushe da kuka ko ya suma. Ko ɗaya. Sai kawai ya ce, "Zan iya hawa jirgi?"

Ta ce, "Yanzu kam a'a, Tom."

"Tun yaushe aka sani?"

Ba ta ɓoye ba, ta faɗa masa. Sai ya juyo da idanun nan masu rawaya ya dube ni. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ranar na ga haka da idona. Ciwon bai ce masa komai ba, ni ya riƙe.

Ya ce, "Ranar da ka sallame ni da ƙafata na fita. Na hau bas da kaina. Mako bakwai ina zaune ina fentin shingen lambu, ɗana yana kallona yana gudu bayan gida yana kuka, ni ban san dalili ba. Da ka gaya mini, da washegari ina jirgi. Mutuwar tawa ce, Dakta. Wa ya ce ka ɗauka ka ba wani ajiya?"

Ban taɓa jin mara lafiya ya yi wa likita magana haka ba.

A ofis Dakta Helen ta ce in Tom ya kai ƙara, aikina a ƙasar ya ƙare. Maimakon in yi shiru sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata su da suke jibge iyayensu a nan ba mai leƙowa, su ne za su gaya mini yadda ake tausayi? Na ce a ƙasarmu ɗaukar wa mutum kaya ake yi, ba a jefa masa dutse a ƙirji. Na buga tebur na ce, "Ko ubana da ya haife ni haka na yi masa kafin in taho!"

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Yana da rai?"

Na ce yana da rai.

Ta ce, "Shi kuma me yake shirin yi baɗi?"

Na fito na zauna a matakalar baya cikin sanyin nan, ina jin muryar Baba yana ce wa Alhaji zai jira Likita. Gemun ɗan'uwana ya kama wuta a gabana, nawa kuwa tuni yake hayaƙi ban sani ba. Na ƙirga a yatsu, jiragen alhazai sun kusa fara tashi daga Kano.

Tom bai kai ƙara ba. Da na je ba shi haƙuri ya ce in ɗauko biro da takarda, tunda hannunsa ba ya riƙe alƙalami, ni zan rubuta wa 'yarsa abin da zai faɗa. Na rubuta shafi uku. Da muka gama ya juya fuskarsa bango. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga dalilin da zai ce ba.

Wasiƙa zuwa Kano sai ta yi mako biyu ko uku, kuma a hannun Yaya za ta faɗa, don Baba ba ya karatun boko. Saura waya. A duk danginmu babu mai ita, amma akwai ɗaya a falon Alhaji, baƙa, a kan wani ɗan tebur mai leshi. Sista Joyis ce ta tsaya a kan mai haɗa layin asibitin har ta yarda ta nema mini Kano. Kwana biyu ana nema. Rana ta uku da la'asar aka kira ni da gudu, aka ce layi ya shiga, minti uku gare ni.

Alhaji ne ya ɗauka. Duk wanda ya san gida ya san ba a tsallake gaisuwar mutumin da ya biya maka kuɗin makaranta.

"Ranka ya daɗe, Sani ne daga Ingila. Ina wuni?"

"A'a! Likita bokan Turai! Lafiya lau. Ya sanyi? Ya karatu? Ya mutanen can?"

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Ya Hajiya? Ya yara?"

Ina amsawa ina kallon agogon bango, dogon hannun yana ta sauri. Da ƙyar na samu na ce don Allah Baba nake nema, maganar gaggawa ce. Na ji Alhaji yana ƙwala kira, "Malam Idi! Malam Idi! Bar wankin motar nan, ɗanka ne!" Sannan shiru mai tsawo. Na san abin da ke faruwa kamar ina wurin. Yana goge hannu, yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Shekara talatin a gidan nan bai taɓa ɗora wayar a kunnensa ba.

"Salamu alaikum!" Da ƙarfi ya faɗa, kamar mai kiran wani a hayin kogi. Amma muryar ta sirance, likita ba ya kasa jin wannan.

"Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni? Ya jikin?"

"Jiki da sauƙi, Likita. Maganin naka dai ya ƙare, Habu ya sayo wani. Kana cin abinci kuwa?"

Mai haɗa layi ta shigo da Turanci ta ce saura minti ɗaya. Duk jawabin da na kwana biyu ina shiryawa ya gudu. Ban iya cewa ciwon daji ba, har yau ban san ko tsoro ne ko tarbiyya ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ka karɓi kujerar nan ta Alhaji. Ka tafi bana. Kada ka jira ni."

"Ai mun yi da kai sai ka..."

"Baba, ba gyambon ciki ba ne. Na sani tun ina nan. Kada ka jira ni."

Layin ya yi ta shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Na zaci ya yanke. Can na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A hankali ya faɗa, ya daina ɗaga murya. Sannan ya ce, "To. Na ji, Likita."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka." Sai ya ƙara da cewa, "Amma Sani, da ka faɗa mini ran nan, ai da na kashe motar na fito na raka ka."

Layin ya yanke.

Wasiƙar Yaya ta farko zagi ce daga sama har ƙasa, ya ce Turawa sun cire mini imani. Ta biyu ta ce Alhaji ya buga waya nan da can har aka samu kujera a jirgin ƙarshe, kuma kafin ya tashi Baba ya je ƙauyenmu ya bi gida-gida yana neman gafara. Ta uku ta ce ya sauke farali, wani wurin da ƙafarsa wani wurin a ɗauke, ya dawo Kano, ya kwana goma sha ɗaya a ɗakinsa na bayan gareji, Allah ya karɓi abinsa.

Tiyatar da na je nema sai a shekara ta uku na same ta, kuma na'urorin da suka firgita ni duk sun biyo ni gida daga baya, har na saba da su. Na yi shekaru ina duba marasa lafiya a ɗan asibitina na unguwar Badawa. Har gobe dangi na jan rigata a baranda suna cewa, "Likita, don Allah kada ka gaya masa." Ba na yi musu faɗa, na san daga inda maganar ta fito. Sai dai in koma ciki, in ja kujera, in tambayi mai jikin ko akwai abin da ya ajiye sai baɗi. Mafi yawansu daga nan suke ganewa, wanda kuma ba ya son ji sai ya sauya zance, in bar shi.

Shekara uku da wani abu rabon da Baba ya kira ni Sani, sai a ƙarshen mintin nan na uku. In hanya ta bi da ni ta filin jirgi zan sauke wani, ko ɗan dako ne ya roƙi a rage masa hanya, kashe motar nake yi in fito.